Da gaske ne wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suna taimaka wa ciwon daji?

Malamar_Bayoloji:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara tara ke nan ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma kowace shekara nakan gaya wa ɗalibaina cewa fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun jiki, musamman wadda ake kira makrofaj, wadda aikinta shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da kuma kwashe matattun ƙwayoyin halitta. A watan jiya aka tabbatar wa gwaggona ciwon dajin mama, kuma tun daga ranar na shiga karance-karance don in fahimci abin da ke damunta. A nan ne na ci karo da bayanin da ya ɗaure mini kai, wai a cikin ƙarin ciwon daji akwai makrofaj masu ɗimbin yawa, a wasu nau'o'in har sukan kai kusan rabin abin da ke cikin ƙarin, kuma wai maimakon su yaƙe shi, taimaka masa suke yi ya girma ya bazu. Ina roƙon likitocin da ke cikinmu su warware mini wannan magana. Idan gaskiya ce, ta yaya hakan ke faruwa, kuma akwai maganin da ake yi don a dawo da su kan hanya? Abin da ya fi damuna shi ne, 'yan uwa sun yi karo-karo sun sayo wa Gwaggo wasu kwalabe masu tsada da aka ce suna ƙarfafa garkuwar jiki, sai nake tsoron kada ya zama mataimakan ciwon muke ciyarwa.

Likitan_Madubi:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Gwaggo lafiya, Ya sa kaffara ne. Abin da kika karanta gaskiya ne, kuma mu da aikinmu shi ne duba tsokar da aka yanko a ƙarƙashin madubi muna ganinsa da idonmu. Misalin da ya fi zama a raina shi ne ciwon dajin kaluluwa na Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Idan aka shafa wa tsokar launi aka ɗora a madubi, sai ka ga fili ya cika maƙil da ƙwayoyin ciwon, shuɗi mai duhu, sun matse juna babu masaka tsinke, sa'an nan a tsakaninsu ga wasu fararen gurabe warwatse. Shi ya sa ake kwatanta hoton da sararin sama mai taurari. Kowane farin gurbi makrofaj ce guda, kuma idan ka ƙara girman hoton za ka ga ɓarɓashin ƙwayoyin da ta haɗiye a cikin cikinta. Sai dai abin da take haɗiya gawarwaki ne, wato ƙwayoyin ciwon da suka riga suka mutu da kansu saboda saurin hayayyafa. Rayayyun da ke manne da ita ba ta taɓa su.

Abin da littafin sakandare ya taƙaita shi ne cewa makrofaj aiki biyu take yi. Idan ƙaya ta soki mutum, da farko takan zo da faɗa, ta haɗiye ƙwayoyin cuta, ta kira sauran dakaru, wurin ya kumbura ya yi zafi. Bayan kwana biyu ko uku sai ta sauya hali, ta shiga kwantar da kumburin, ta kira sababbin jijiyoyin jini su tsiro, ta sassauta naman da ke kewaye don ƙwayoyin fata su matso su rufe ramin, ta kuma umarci sauran dakarun su dakata. Ba don wannan aiki na biyu ba, da babu miki ko ɗaya da zai warke. To, duk abin da miki ke bukata don ya warke, shi ne ƙari ke bukata don ya girma. Wani likita a Boston mai suna Harold Dvorak ya rubuta a 1986 cewa ƙarin ciwon daji miki ne da ba ya warkewa, kuma har yau ban ga kwatancen da ya fi wannan dacewa ba.

Abban_Sadiq:
Likita, Allah Ya saka da alheri. Ke nan dai maganar Bahaushe ce ta tabbata, da ɗan gari akan ci gari. Ni abin da na fahimta shi ne waɗannan ƙwayoyi sun ci amanar jikin da aka ɗauke su su tsare, kuma idan haka ne, ai maganin shi ne a nemo hanyar da za a kashe su gaba ɗaya a huta.

Mai_Nazarin_Garkuwa:
Malam Abban Sadiq, karin maganar ta zauna daidai, amma ina ganin kalmar cin amana za ta iya kai mu ga kuskure, kuma kuskuren shi ne wanda ka ƙare da shi. Makrofaj ba ta da niyya. Saƙonnin da take samu daga wurin da ta tsinci kanta su ne ke gaya mata abin da za ta yi, kuma ƙari yana fitar da saƙonni iri ɗaya da na miki.

Ga yadda abin ke tafiya. Ƙwayoyin ciwon daji da yawa suna fitar da wasu sinadarai, fitattunsu su ne CCL2 da CSF-1. Na farkon yana janyo ƙwayoyin monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, daga cikin jini, waɗanda asalinsu daga ɓargo suke, na biyun kuma yana raya su ya mayar da su makrofaj bayan sun iso. Tsakiyar ƙari wuri ne da iskar oksijin ta yi ƙaranci, domin ƙwayoyin sun fi jijiyoyin jinin da ke ciyar da su saurin yawaita, kuma wurin cike yake da sinadarin laktet da suke zubarwa wajen ƙona sukari. A 2014 masu bincike a jami'ar Yale suka nuna cewa wannan laktet kaɗai ya isa ya sa makrofaj ta fara fitar da VEGF, sinadarin da ke tsiro da jijiyoyin jini, da kuma arjines, wanda ke cinye wani abinci da ƙwayoyin T ke bukata kafin su yi aiki. Ƙwayoyin T kuwa su ne ainihin masu kisan ƙwayar ciwon daji. Ka ga ke nan makrofaj ta kawo wa ƙari abinci, ta kuma raunana masu yaƙarsa, alhali a nata lissafin gyaran miki take yi.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na Jeffrey Pollard da abokan aikinsa a kwalejin likitanci ta Albert Einstein da ke New York, a 2001. Sun ɗauki ɓeraye masu gadon ciwon dajin mama, suka haɗa su barbara da waɗanda ba sa iya samar da CSF-1, wato masu ƙarancin makrofaj. A jikin 'ya'yan masu ƙarancin makrofaj, ƙarin ya fito kamar yadda ya saba, amma ya yi jinkiri ƙwarai wajen rikiɗa zuwa mai kutsawa cikin nama, kuma yaɗuwarsa zuwa huhu ta ragu sosai. Daga baya John Condeelis, a wannan kwaleji, ya ɗauki hoton ƙari a jikin ɓera mai rai, aka ga ƙwayar ciwon da makrofaj suna tafiya tare zuwa bakin jijiyar jini. Ƙwayar ciwon tana ba makrofaj CSF-1, makrofaj tana mayar mata da EGF, wanda ke sa ta motsi, har su isa inda wata makrofaj ke zaune a jikin jijiyar ta sassauta bangonta, ƙwayar ciwon ta faɗa cikin jini. Tun da yaɗuwa ce ke kashe mafi yawan masu ciwon daji, wannan shi ya sa masana suka duƙufa a kan batun.

Nas_Rakiya:
Malama, ni zan tsaya ne a kan batun kwalaben, don shi na fi sani. Na shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin masu karɓar kimo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin ciwon daji. Waɗannan kwalabe ba a yi musu irin gwajin da ake yi wa magani ba, saboda haka babu mai hujjar cewa suna tayar da garkuwar jiki yadda ake faɗa, balle a ce suna ciyar da makrofaj ɗin ƙari. Haɗarin da nake gani da idona wani ne daban. Akwai wata baiwar Allah da ta zo mana da ƙari ƙarami kamar goro, aka tsara mata tiyata da kimo, sai ta ɓace wata bakwai tana shan irin waɗannan abubuwa. Ranar da ta dawo, da mayafi biyu ta rufe ƙirjinta saboda wari, kuɗin da za a yi aikin da su kuma sun ƙare. Akwai kuma waɗanda ke sha tare da kimo a ɓoye, sai gwajin hanta ko na ƙoda ya fito da matsala, a ɗage musu zagayen magani. Shawarata ita ce ki kwashi kwalaben duka a leda ki kai wa likitan Gwaggo ya karanta abin da ke jikinsu, kuma kada a fasa ko zagaye ɗaya na maganin asibiti saboda su.

Malamar_Bayoloji:
Na gode ƙwarai, Anti Rakiya, kuma in sha Allahu ranar Talata zan tafi da su asibiti. Malam Mai Nazari, a inda na karanta an raba makrofaj gida biyu, M1 masu yaƙi da M2 masu gyara, aka ce na cikin ƙari M2 ne. Shin wannan rabon shi ne ayyuka biyun da Likita ya bayyana a sama? Kuma ana iya mayar da M2 ta koma M1?

Mai_Nazarin_Garkuwa:
Shi ne, Malama, amma ki riƙe shi a matsayin sauƙaƙawa ta koyarwa. Charles Mills ne ya kawo waɗannan sunaye a 2000, kuma rabon ya fi fitowa sarai a kwanon gwaji, inda ake zuba wa ƙwayoyin sinadari guda a ga abin da za su zama. Yanzu da ake iya karanta ƙwayoyin ƙari ɗaya bayan ɗaya, an gano cewa makrofaj guda tana iya ɗauke da alamomin M1 da na M2 a lokaci ɗaya, kuma wadda ke tsakiyar ƙari ta bambanta da wadda ke bakinsa ko kusa da jijiya. Ba ma dukkansu ne daga ɓargo suke ba. Waɗanda ke zaune a ƙwaƙwalwa, da akasarin na hanta da na huhu, tun mutum yana ciki suka kafu a wuraren, suna sabunta kansu a can. Amsar tambayarki ta biyu kuwa ita ce e, halinsu yana sauyuwa, kuma a kan wannan ne wasu magungunan da ake gwadawa suka dogara.

Likitan_Madubi:
Bari in ƙara wani abu don kada a tafi da cewa yawan makrofaj kullum mugun labari ne. A ciwon dajin mama da na kaluluwa irin na Hodgkin, bincike da dama ya danganta yawansu da ƙarancin nasarar magani, kuma na Hodgkin ɗin wani nazari da aka yi a Vancouver ta Kanada a 2010 ne ya fito da shi fili. Amma a ciwon dajin babban hanji an sha samun akasin haka, inda marasa lafiyar da makrofaj suka taru a bakin ƙarinsu suka fi daɗewa. Wannan ne ma ya sa ba ma rubuta adadinsu a takardar sakamakon da muke ba likitoci, domin har yanzu ba a yanke magani da shi.

Mai_Haɗa_Magani:
Ina so in koma kan shawarar Malam Abban Sadiq ta kashe su, domin kamfanonin magani sun yi wannan tunani kuma sun gwada. An ƙera magunguna masu toshe kafar da CSF-1 ke shiga, don makrofaj su rasa abin da ke raya su. Ɗaya daga ciki, pexidartinib, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019, amma ga wata cuta guda da ba kasafai ake ganinta ba, wani ƙari da ke fitowa a gaɓoɓi kamar gwiwa da idon sawu, wanda ba ya cikin masu yaɗuwa amma yana cinye gaɓar. Abin lura game da wannan ƙari shi ne ƙwayoyin da suka lalace a cikinsa 'yan kaɗan ne, sai dai suna ambaliyar CSF-1, sauran tulin kuwa makrofaj ne da suka amsa kira. Da aka toshe kiran sai ƙarin ya saɓe. A babban gwajin da aka yi, kashi 39 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin ƙarinsu ya ragu, a waɗanda ba su sha ba kuwa babu ko ɗaya. Duk da haka yana iya yi wa hanta mummunan lahani, har hukumar Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da shi a 2020. A manyan cututtukan daji kamar na mama da na huhu, irin waɗannan magunguna ba su yi abin a zo a gani ba idan aka ba da su su kaɗai. Akwai ma wani gwaji a ɓeraye a 2014 da ya nuna cewa toshe CCL2 yana rage yaɗuwa, amma da aka dakatar da maganin sai monosait suka kwararo daga ɓargo, ciwon ya bazu fiye da da. Kuma kada a manta makrofaj ne ke share huhu, su ne ke tace jini a hanta da saifa, su ne ke dawo da sinadarin ƙarfe daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya kawar da su duka, garin neman gira zai rasa ido.

Likitar_Jini:
Tun da an zo kan magunguna, ya kamata a ba da labarin CD47, domin shi ne wanda mu likitocin jini muka fi sa wa rai, kuma shi ne ya fi ba mu takaici. CD47 wani furotin ne da ke jikin kusan kowace lafiyayyar ƙwayar halitta, kuma idan makrofaj ta taɓa shi da nata furotin mai suna SIRP-alfa, sai ta fasa haɗiya. Tamkar shaidar ɗan gida ce. A 2009 ɗakin binciken Irving Weissman a jami'ar Stanford ya nuna cewa ƙwayoyin sankarar jini suna ɗaukar wannan shaida da yawa fiye da kima, kuma idan aka rufe ta da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki mai manne wa alama guda tak, makrofaj sukan haɗiye su. Wannan ya bayyana abin da Likitan Madubi ya gani, wato makrofaj tana zaune kusa da rayayyar ƙwayar ciwo ba ta taɓa ta.

Maganin da aka ƙera shi ne magrolimab. A wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2018, an haɗa shi da rituximab, wani antibodin da aka riga aka sani a maganin ciwon daji, aka ba mutum 22 masu ciwon dajin kaluluwa da sauran magunguna suka gaza a kansu, rabinsu suka samu sauƙi. A 2020 kamfanin Gilead ya sayi ƙaramin kamfanin da ya mallaki maganin a kan dala biliyan 4.9. Sai aka shiga manyan gwaje-gwaje na mataki na uku a kan masu sankarar jini da masu lalacewar ɓargo. Tsakanin 2023 da farkon 2024 aka dakatar da su ɗaya bayan ɗaya, saboda maganin bai ƙara wa marasa lafiya kwana ba, a na ƙarshen ma an ga mace-mace sun fi yawa a ɓangaren waɗanda suka karɓe shi. Ɗaya daga cikin matsalolin tun farko ita ce jajayen ƙwayoyin jini su ma da CD47 suke kare kansu. Jar ƙwaya takan yi kimanin kwana 120, kuma idan ta tsufa alamomin da ke kiran makrofaj suna ƙaruwa a jikinta, to da zarar an rufe mata shaidar sai saifa da hanta su kwashe ta. Dabarar da aka yi ita ce a fara da ɗan ƙaramin awo don tsofaffin su tafi ɓargo ya maye gurbinsu da sababbi, sa'an nan a ɗaga awon. Dabarar ta rage ƙarancin jinin, amma ba ta sa maganin ya yi nasara ba. Ina faɗin wannan ne don duk wanda ya ga tsohon labari a intanet yana cewa an gano maganin da zai sa jiki ya cinye ciwon daji, ya san inda maganar ta kwana.

Ma'aikacin_Bankin_Jini:
Likita, akwai wani gefen da ya shafe mu kai tsaye. Tun da antibodin yana manne wa jajayen ƙwayoyi, yana rikita gwajin da muke yi na daidaita jinin mai bayarwa da na mai karɓa, sai ya nuna kamar jinin bai dace ba alhali ya dace. Shi ya sa a waɗancan gwaje-gwajen ake tantance rukunin jinin majiyyaci dalla-dalla kafin allurar farko. Ina tunanin yadda irin wannan magani zai kasance a wurinmu, inda mata da yawa ke zuwa asibiti jininsu ya riga ya yi ƙasa, ga masu sikila, ga kuma wahalar samun leda ɗaya ta jini da dare.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ƙaru. A matsayina na wanda ya koyar a makarantar koyon aikin lafiya kafin in ajiye aiki, ina so in tuna muku cewa maganar ta girmi dukkanmu. A 1882, a garin Messina na Italiya, Ilya Mechnikov ya soka ƙaya a jikin ɗan tsakon tauraron teku, wanda jikinsa garai yake ana ganin ciki, washegari ya tarar da wasu ƙwayoyi masu yawo sun kewaye ƙayar. Daga nan ilimin ƙwayoyi masu haɗiya ya samo asali, kuma ya samu kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Tun kafin shi ma, a 1863, Rudolf Virchow na Jamus ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, ya yi zargin cewa daɗaɗɗen kumburi na da hannu a ciwon daji.

Kuma kada takaicin da Likitar Jini ta bayyana ya sa a manta da abin da ya yi aiki. Allurar BCG da ake yi wa jariranmu a kafaɗa don rigakafin tarin fuka, ita ce kuma ake zuba wa masu ciwon dajin mafitsara da bai kai ga tsokar bangon ba. Alvaro Morales ne ya fara bayar da rahoton hakan a Kanada a 1976. Ana saka ta ta siririn bututu sau ɗaya a mako har mako shida, majiyyaci ya riƙe ta kamar awa biyu kafin ya yi fitsari. Ƙwayoyin cutar da aka raunana da ke cikin BCG suna tayar da kumburi mai zafi a bangon mafitsarar, makrofaj da sauran dakaru su taso da halin faɗa, su haɗa har da ƙwayoyin ciwon. Wannan ai shi ne sauya musu hali da 'yata Malama ta tambaya, kuma an kusa shekara hamsin ana yin sa.

Ɗan_Bakin_Tafki:
Baba, Allah Ya ƙara girma. A garinmu kusan kowane yaro mai wanka a tafki ya taɓa yin tsargiya, kuma na san dattawa biyu da ciwon mafitsara ya yi ajalinsu. Shin wannan BCG ɗin za ta yi wa irin su amfani?

Likitan_Madubi:
Allah Ya jiƙansu. Tsargiya misali ce ta zahiri ta abin da Baba ya ambata daga Virchow. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bangon mafitsara, makrofaj su kewaye shi su kasa narkar da shi, sai wurin ya zauna cikin kumburi da gyara shekara da shekaru, har fatar cikin mafitsarar ta sauya kama. A madubi nakan ga ƙwayayen sun ƙandare a tsakiyar tabo, wani lokaci ciwon daji na gefensu. Sai dai nau'in da tsargiya ta fi haifarwa daban yake da wanda ake yi wa BCG, kuma galibi ba a gano shi sai ya shiga tsoka, inda tiyata ce abin yi. Abin da zai amfani garinku shi ne a sha praziquantel, maganin tsargiya da ake rabawa, kuma duk babban da ya ga jini a fitsarinsa kada ya ɗauka tsargiyar yarinta ce ta dawo, ya je a duba shi.

Mai_Nazarin_Garkuwa:
Ina girmama bayanin Likitar Jini, amma ina ganin faɗuwar magrolimab ba ta rushe tushen maganar ba. Hujjata ita ce, magungunan da muke amfani da su yau ma suna jingina da makrofaj. Rituximab, wanda aka amince da shi a 1997, da trastuzumab na ciwon dajin mama mai alamar HER2 (wani furotin da ke yawaita a jikin ƙwayoyin wasu nau'o'in ciwon), wanda ya biyo baya a 1998, idan suka manne wa ƙwayar ciwo suna barin wutsiyarsu a waje, makrofaj ta kama wutsiyar ta haɗiye ƙwayar, kuma wannan na cikin hanyoyin da suke aiki. A Turai kuma tun 2009 aka amince da mifamurtide, wanda ke zaburar da makrofaj, ga yara da matasa masu ciwon dajin ƙashi. Sabon abin da ake gwadawa shi ne a ɗebi monosait daga jinin majiyyaci, a mayar da su makrofaj a ɗakin gwaji, a dasa musu wata kafa da ke gane HER2, sa'an nan a mayar masa. Masu bincike a jami'ar Pennsylvania ne suka bayyana dabarar a 2020. Dalilin sa rai shi ne ƙwayoyin T da aka yi wa irin wannan gyara sun yi nasara a sankarar jini amma suna kasa kutsawa cikin ƙari mai tauri, makrofaj kuwa shiga ƙari ɗabi'arta ce.

Likitar_Jini:
Malam, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka lissafa ba, kuma batun rituximab ina ganin amfaninsa a marasa lafiyata. Inda muka rabu shi ne nauyin da za a ba sabon. Gwajin farko na waɗannan gyararrun makrofaj an yi shi ne a kan mutane ƙalilan, ya nuna ana iya ba da su ba tare da mummunar illa ba kuma suna isa cikin ƙarin, amma abin da aka samu mafi kyau shi ne ciwon ya tsaya na wani lokaci a wasu daga cikinsu. Tambayar da ke raina ita ce wadda bayaninka na farko ya haifar: idan laktet da ƙarancin oksijin ne ke juya makrofaj, me zai hana su juya wadda aka gyara bayan ta yi makonni a ciki? A ganina amfanin da ya fi kusa shi ne a haɗa masu sauya halin makrofaj da magunguna irin su pembrolizumab, waɗanda ke kwance wa ƙwayoyin T dabaibayi, tun da ana zargin makrofaj na cikin dalilan da suka sa waɗannan ba sa aiki ga mafi yawan marasa lafiya. Amma wannan ma sai manyan gwaje-gwaje sun tabbatar.

Abban_Sadiq:
Na janye maganar kashe su duka, kuma na gode da gyaran. Sai dai har yanzu ina ganin abin mamaki ne a ce magani ya warkar da ɓeraye sau da dama sa'an nan ya gaza a jikin mutum.

Mai_Nazarin_Garkuwa:
Dalilan suna da yawa, Malam. Ƙarin ɓera makonni yake yi, na mutum kuwa yakan shekara da shekaru yana zaune da garkuwar jikin mai shi kafin a gano shi. A wasu gwaje-gwajen CD47 ma, ƙwayoyin ciwon na mutum ne aka dasa wa ɓera, antibodin kuma na mutum kaɗai yake kamawa, saboda haka jinin ɓeran bai taɓu ba, matsalar da Likitar Jini ta bayyana ba ta fito ba sai a jikin mutane.

Malamar_Bayoloji:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na je asibiti jiya da kwalaben kamar yadda Anti Rakiya ta ce, likitan ya karanta su ya ce a ajiye su har a gama kimo. Ya kuma ce an aika tsokar Gwaggo gwajin HER2, sakamakon zai fito nan da mako biyu, kuma shi zai nuna ko trastuzumab zai yi mata amfani. Malam Mai Nazari, tun da ka ce wannan maganin yana aiki ne tare da makrofaj, shin kimon da za a fara mata ba zai kashe su ba kafin a zo ga shi?

Likitar_Jini:
Kimo yana rage monosait da sauran fararen ƙwayoyi na ɗan lokaci, yawanci sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan kowane zagaye, sa'an nan ɓargo ya farfaɗo, kuma makrofaj da ke zaune cikin nama ba sa hayayyafa da sauri, don haka sun fi jurewa. Trastuzumab ma tare da kimo aka gwada shi aka ga amfaninsa, saboda haka kada wannan ya dame ki. Abin da za ki kula da shi a waɗannan ranakun shi ne zazzaɓi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye kusa da gadonta, idan ya kai digiri 38 na Salshiyos ku tafi asibiti a daren, kada a jira safiya kuma kada a ba ta farasitamol a zauna. Idan sakamakon HER2 ya fito da alamar, ki tambayi likitan game da hoton zuciya, domin ana yin sa kafin a fara wannan maganin.